Abin da ya sa talakawa suka juya wa gwamnatin Rimi baya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa jama'a suka ƙosa da gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP a Jihar Kano, alhali ita ce ta soke haraji da jangali bayan hawanta mulki a 1979. A ganina, mutane ba su yi fushi da manufofin ba, domin babu manomi ko makiyayin da ya so a dawo masa da haraji. Abin da ya ɓata musu rai shi ne salon shugabancin, musamman saɓanin da ya shiga tsakanin gwamna da jagoran jam'iyyar, Malam Aminu Kano, har jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi (ɓangaren Rimi) da Taɓo (ɓangaren Malam Aminu), sai kuma takardar tuhumar da aka aika wa Sarkin Kano Ado Bayero a 1981, wadda ta haifar da tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, a cikinta.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, na ga dattawan da suka sha ɗauri tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu, suna yabon ajin yaƙi da jahilci na gwamnatin Rimi da safe, da yamma kuma su ce ba za su bi wanda ya saɓa wa Malam Aminu ba, ko da zai shimfiɗa musu kwalta har ƙofar gida. Shi ya sa da Rimi ya koma jam'iyyar NPP a 1983, yawancinsu suka tsaya a PRP suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo.