Kati 300 ba mutum 300 ba ne

Ka ce an ba ka aikin walimar aure a ƙofar gida, masu biki sun buga kati 300, kana tambaya ko kujera 300 da abinci 300 za ka tanada. A'a, ɗana. A kan wannan lissafin ne taro yake lalacewa tun ba a kafa rumfa ba.

A ɗakin taro mai ƙofa ɗaya da mai gadi, kati yana aiki. A ƙofar gida ba ya aiki. Mai kati zai zo da abokinsa, maƙwabta ba sa jiran kati, hotonsa ya riga ya zaga WhatsApp, ga kuma 'yan gayyar soɗi. Saboda haka abinci ka ƙara rabin adadin, ya zama 450. Kujera kuwa ka rage, 250 ta isa, domin mutanen walima ba sa zama lokaci guda: wani ya ci ya yi addu'a ya tashi, wani ya maye gurbinsa. In taron mata ne, ka ƙara kan abincin saboda yara, ka kuma haɗa da tabarmi.

Buhun shinkafa mai kilo 50 yana fitar da tekawe 300 zuwa 350 in mai zubawa tana zubawa daidai wa daida, kenan buhu ɗaya da rabi kake nema. A nan Kano, shinkafa da mai ka sayo a kasuwar Singa, kayan miya a Yankaba, robobi da cokula a Ƙofar Wambai. Da mai girki kada ka yi ciniki da tukunya ko kula. Ku yi da adadin tekawe da yawan yankan nama a kowanne, in an kawo kuma ka ƙirga a gabanta. Ka kula da lokacin sauke girki. A zafin Afrilu, shinkafar da aka rufe da tiririnta tun safe ba za ta kai la'asar lafiya ba, musamman mai kayan lambu. A gama girki awa ɗaya ko biyu kafin rabo, salak mai bama kuma a sa shi daban cikin sanyi. Mutanen nan amana ce a hannunka, abincin da ya soma tsami kada ka yarda ya fita, ko da za ka yi asara.

Rabo shi ne wurin da ake jin kunya. Abinci yana iya isa amma rabin mutane su tashi ba su ci ba, don kawai an fito da kula tsakiyar fili an yi wawaso. Ka ajiye komai a ɗaki ɗaya, makulli a hannun mutum ɗaya. Masu rabo su riƙa fita da goma-goma a faranti, kowa da layinsa, ana bi kujera-kujera, wanda yake tsaye a ce ya zauna tukuna. Kashi ɗaya cikin biyar ka ɓoye shi, kada ya fito sai taro ya yi nisa, domin dangin amarya da manyan baƙi su ne suka fi zuwa a makare. Almajirai ka ware musu nasu tun farko, mutum ɗaya ya raba musu a bakin layi. Haƙƙinsu ne, kuma in sun samu ba za su cika rumfa ba.

Ruwa mai sauƙin lissafi ne: ledar fiya wata tana da 20, kowane mutum ya sha uku a lokacin zafi, mutum 450 kusan leda 70 kenan. Ƙanƙara ka kama ta tun ana gobe.

Wurin kuma ka je da ƙafarka, a daidai sa'ar da za a yi taron, ka ga inda rana take bugawa. Rumfa mai ƙafa 20 kowane gefe tana ɗaukar kujera kamar 50 a jere, in da tebura kuwa huɗu kawai za ta ci, kowanne da kujera takwas. Kujera 250 rumfa biyar ce, tsawon ƙafa 100. Layin gidan yana da wannan tsawon? Ina kwata, ina wayar wuta ta sauko ƙasa, ina za a bar wa maƙwabta hanya? Masu biki su sanar da mai unguwa, motoci kuma a nema musu wurin tsayawa nesa da babban titi, kada baƙi su haɗu da 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci. Daga Yuni zuwa Satumba hadari daga gabas yake tasowa, iska ce take riga ruwa isowa, ita ce kuma mai ɗaga rumfa. Kowace ƙafa a ɗaure ta da igiya a turke, in kan kwalta ne a danne da buhun yashi.

Wutar Nepa ba a lissafi da ita. Janareta kada ka ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ka kai shi nesa inda ƙara da hayaƙi ba za su dami mutane ba, mai kuma ya kasance a jarka, a kashe injin kafin a ƙara. Kayan sauti su sami layinsu daban da na fankoki, in ba haka ba lasifika za ta yi ta gurnani. Mai magana ya tsaya bayan lasifika, in ya shiga gabanta da makirfo sai ta yi kuka.

Lokaci ka gina shi kan salla. In an ce bayan la'asar, a gama kafin magariba, ka tanadi butoci da ruwan alwala. In Juma'a ce, kaya su iso tun daren Alhamis ko bayan asuba, don da hantsi ya yi hanyoyin masallatai sun fara cika. A watan Sha'aban kuwa, da bukukuwa suke haɗuwa kafin azumi, kujera da rumfa ka kama su tun da saura sati uku.

Kafin ka taɓa komai, ka ce su ba ka mutum ɗaya mai yanke magana. Gidan biki kowa mai umarni ne, gwaggo ta ce a matsar da rumfa, kawu ya ce a fito da abinci. Ka ce musu cikin ladabi su bi ta wurin wakilinsu. Da shi za ku rubuta adadin kaya, kafin alƙalami, ranar biyan ciko, da kuɗin kujerar da ta karye ko ta ɓata. Ku ƙirga kujeru tare wajen saukewa, ku sake ƙirgawa wajen lodi, a jera su goma-goma. Kada ka bar su su kwana a waje, don maƙwabta sukan ja ɗaya-ɗaya su shiga da ita gida, ba da mugun nufi ba, kai kuma washegari sai ka bi gida-gida kana tambaya.