Tambaya da Amsa: Shin harbin agwagi a fadama yana korar bareyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma bana ce shekarata ta biyu da karɓar lasisin farautar barewa. Inda nake dako wani gefen kurmi ne a filin gwamnati, tsakanin gonar masara da aka girbe da wata fadama mai cike da kacalla, kimanin mita 400 daga bakin ruwa. Bara na yi asubanci uku a jere ina zaune a kan bishiya, amma tun gari bai gama wayewa ba maharban agwagi suke fara luguden wuta, har hantsi ya dubi ludayi ban ga ko wutsiyar barewa ba. Shin ƙarar bindigoginsu ce take korar mini dabbobin? In sauya wuri ne, ko in daure? Daga wani mai karatu a Wisconsin.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin ka ɗora wa ƙarar bindiga laifin da ba nata ba ne, domin a cikin duk abin da maharbin agwagwa yake shiga daji da shi, ƙarar ita ce mafi ƙarancin damun barewa. Abin da yake tayar da ita shi ne sawun mutum da warinsa da karensa, da kuma hanyar da ya bi cikin duhu kafin ya isa bakin ruwa.

Mu fara da lissafin kwanaki. Hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayyar Amurka ita ce take shata iyakar kakar harbin tsuntsayen ruwa, saboda masu ƙaura ne da dokar shekarar 1918 ta ba su kariya, kuma a yankinku, wanda yake kan hanyar ƙaurar tsuntsaye ta kogin Mississippi, kakar agwagi kwana 60 ce, tana buɗewa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ita kuwa kakar harbin barewa da bindiga a Wisconsin kwana tara ce, tana farawa ranar Asabar da ta gabaci bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Ke nan ranar da ka hau bishiyarka, bareyin wannan kurmi sun riga sun shafe makonni bakwai ko takwas suna jin harbi daga fadama kusan kowace safiya, daga kusurwa ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ta ji ciwo ba. Dabbar da take rayuwa a tsakanin gonaki ba za ta iya zabura don kowace ƙara ba, in ba haka ba yunwa ce za ta kashe ta kafin maharbi ya same ta. Shi ya sa ake ganin bareyi suna kiwo a gefen manyan tituna da layin dogo, har ma a filayen da sojoji suke atisayen harbi.

Duk wanda ya taɓa zura wa barewa ido a daidai lokacin da bindiga ta tashi daga nesa ya san yadda abin yake. Takan ɗaga kai da ciyawa a bakinta, ta daina tauna, kunne ɗaya ya juya wajen ƙarar ɗayan kuma ya ci gaba da sauraron bayanta, ta tsaya haka na ɗan lokaci, sannan ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta mayar da kai ƙasa. To, ka kwatanta wannan da lokacin da iska ta kai mata warin ɗan Adam. Nan take wuyanta yake miƙewa, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi wani huci mai kama da fito wanda duk barewar da take kusa za ta ji, ta ɗaga wutsiyar nan mai fari a ƙarƙashinta kamar tuta, ta faɗa duhuwa da 'ya'yanta a baya. Kunnenta yana sanar da ita cewa wani abu ya faru a wani wuri, amma hancinta ne yake yanke mata hukunci.

A nan ne maharban agwagi suke shigowa cikin maganar. Doka ta ba su damar fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, don haka sai sun isa wurin sa'a ɗaya ko biyu kafin nan. Za su ajiye mota a rufe ƙofofi, su kunna fitilun goshi, su saɓa buhun agwagin roba da suke yaudarar tsuntsaye da su, wani ya ja kwalekwale, kare yana ta kai-komo yana sunsune-sunsune, suna tafe suna hira domin su ba ruwansu da a ji su. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da bareyi suke barin gonar masara suna komawa makwancinsu. Idan turbar maharban ta ratsa tsakanin gonar da kurmin, to sun datse wa dabbobin hanya, kuma sun bar wari a jikin kowace ciyawa da suka goga, wanda zai daɗe bayan sun wuce. Barewar da ta yi karo da wannan ayari sau biyu ko uku takan koma makwancinta da wuri tun akwai duhu, ko ta sake hanya ta zagaya. Kai kuma kana zaune a kan tsohuwar hanyar kana jiran wadda ta riga ta kwanta.

Amma kada ka ɗauka sun yi hijira. Binciken da aka yi ta hanyar ɗaura wa bareyi na'urar GPS mai nuna inda suke a wuya, irin wanda jami'ar jihar Pennsylvania da hukumar namun dajin jihar suka fara a 2013, ya nuna cewa idan mafarauta suka matsa, dabbobin ba sa barin yankin da suka saba. Yankin nan sau da yawa bai wuce murabba'in mil guda ba, sai dai maza sukan faɗaɗa shi a lokacin barbara cikin Nuwamba. Abin da suke yi shi ne su lafe a wurin da ya fi wuyar shiga da rana, su bar yawo sai dare. Barin wurin da ka san kowane lungu da mafitarsa zuwa wanda ba ka sani ba, ai gudun gara ne a faɗa gidan zago, kuma barewa ta san haka.

Bari in faɗa maka abin da nake zargi game da asubancinka uku na bara, ko da ba zai yi maka daɗin ji ba. A kwanakin nan tara, mafarauta fiye da rabin miliyan ne suke karɓar lasisin barewa a Wisconsin, kuma su ne suke kutsawa cikin kurmi, suna tattake makwanci, suna harbin bareyin kai tsaye. Wannan shi ne sabon abu a wajen barewa, ba harbin agwagin da ta saba da shi ba. Sannan akwai kai kanka. Mutumin da ya zauna a bishiya ɗaya kwana uku a jere, yana bin hanya ɗaya shiga da fita, ya riga ya sanar da duk kurmin inda yake. Ga kuma halin iska a irin wurinka: da sanyin asuba iska mai sanyi takan gangara zuwa kwari da bakin ruwa, sai rana ta ɗumama ƙasa sannan ta juya ta yi sama. Idan bareyin suna kwana a gefen kacalla, to warinka yana sauka kansu tun kafin harbin farko.

Akwai inda harbin yake da tasiri na gaske, ba na musun haka. Ranar buɗe kakar agwagi, bayan watanni ana shiru, dabbobin sukan firgita na kwana ɗaya ko biyu. Haka nan idan maɓoyar maharban tana dab da makwanci, kamar mita hamsin ko ɗari, kare kuma yana faɗawa cikin kacallar neman tsuntsun da ya faɗi, to manyan maza masu ƙahon rassa, waɗanda suka fi son irin wannan tsibiri a cikin ruwa saboda ba a isa gare su ba tare da fantsama ba, za su tashi su nemi wani lungu. A tazarar mita 400 da ka ambata, ba na jin wannan ya shafe ka.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka bar yankin, ka matsa a cikinsa. Ka je da rana tsaka kafin kakar barewa ta buɗe, ka ga inda maharban agwagin suke ajiye motoci da turbar da suke bi zuwa ruwa, sannan ka nemi sabon sawu da sabon kashi a gefen da ba sa bi, musamman inda duhuwa ta fi kauri. Maharban agwagi mutane ne masu tsari, yau da gobe hanyarsu ɗaya ce, kuma wanda ya san inda za a taso dabba ya san rabin inda za ta ɓulla. Ka riga su isa, ka zauna inda iska take ɗauke warinka daga makwanci, ba zuwa gare shi ba. Kada kuma ka sauka da hantsi kamar yadda ka yi bara, domin lokacin da suke kwashe kayansu suna fitowa, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, sukan sake taso dabbobin da suka lafe a gefen fadama. Da yamma kuwa harbin agwagi yana tsayawa da faɗuwar rana, alhali kai dokar jiharku ta ƙara maka minti 20 bayan haka. Idan aka yi sanyi mai tsanani fadamar ta daskare, tsuntsayen za su yi kudu, maharbansu su naɗe kaya, wurin ya zama naka.

Wani hanzari ba gudu ba, mutanen nan ba kishiyoyinka ba ne. Tun 1934 duk maharbin tsuntsun ruwa da ya kai shekara 16 sai ya sayi hatimin agwagwa na tarayya, wato wani kan sarki na izinin harbi, wanda yanzu dala 25 ne, kuma kusan dukkan kuɗin ana sayen fadamu da shi ne ana killace su, fadamun da bareyinka suke fakewa a ciki. A filin gwamnati hakkinku ɗaya, kuma doka ta hana wani ya yi wa farautar wani katsalandan da gangan.

Abin da ya fi kamata ya dame ka game da su shi ne tsaro. Kai dole ne ka sa riga mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske a kakar bindiga, su kuwa an ɗauke musu wannan sharaɗi, suna ɓoye cikin kacalla da tufafi masu launin ciyawa, ba za ka gan su ba. Ƙwayoyin ƙarfen da suke harbawa, tun da aka hana su amfani da dalma a 1991, ba sa wuce 'yan mitoci ɗari kafin su zube, amma harsashin bindigarka yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye, kuma yakan daki ruwa ya yi tsalle ya sake hanya. Don haka ka kafa mazauninka yadda fadama za ta kasance a bayanka ko a gefenka, kada ka taɓa harbi ta wajen ruwa ko da namijin da ka daɗe kana nema ne ya tsaya a can. Idan kun haɗu a wurin ajiye motoci da asuba, ka yi musu sallama, ka nuna musu gefen da za ka zauna, ka tambaye su nasu, sannan ka tambaye su inda fitilunsu suka saba haske idanun bareyi a kan hanyarsu ta shiga.