Hoto mai launi bai isa shaidar ruwan kiristal ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Na haɗa poliyesta, wato wani nau'in roba, daga sinadarai biyu da ake kira HBA da HNA a taƙaice, da ta narke sai ta yi fari-fari kamar nono. Malamin da ke duba aikina ya ce datti ne. Wani mai ɗakin gwaji na kuɗi kuma ya ɗauko mini hoto mai launuka ta maikuroskop, ya ce ruwan kiristal ce, wato abin da ke gudana kamar ruwa amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar na kiristal. Lokacin kare aikina ya ƙarato, hankalina a tashe yake. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Farin nan kada ya tsorata ka. Haɗinka irin na Vectra ne, wata poliyesta ta ruwan kiristal da ake sayarwa, haka yake narkewa: dogayen sarƙoƙin ƙwayoyinsa suna jeruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da alƙiblarsa, sai haske ya warwatsu. Ruwan da masaniyar sinadarai Stephanie Kwolek ta samu a kamfanin DuPont a 1965, wanda ya kai ga Kevlar, zaren nan mai ƙarfi da ake rigar sulke da shi, ai shi ma ba garai yake ba.

Mai hoton nan ne ya ɓata mini rai. Kullum sai ɗalibi ya zo mini da irin wannan hoto yana murna. Launi tsakanin matatan haske biyu da aka gicciye abu ɗaya kawai yake faɗa: haske na ratsa samfurin da gudu iri biyu. Kiristal daskararre ma yana yin haka. Ƙwayar sitaci tana yi, ledar da aka ja ta miƙe tana yi. To, ledar ma sai a rubuta mata kundin digiri? Wasu ko zafin da aka ɗauki hoton ba sa rubutawa, su dai a biya su.

Abin da ake nema shi ne samfurin ya riƙa gudana yana kuma haskawa a lokaci guda. Ɗora shi a kan farantin zafi na maikuroskop, ka wuce ma'aunin narkewa, wajen digiri 280 na Salshiyas idan rabon sinadaranka ya yi kusa da na Vectra, ka danna gilashin sama da allura. In ya malala, baƙaƙen zare na nematik, wato nau'in ruwan kiristal da sarƙoƙinsa ke fuskantar alƙibla ɗaya, suna motsi a ciki, ka samu. Kada ka jira ya yi baƙi ƙirin, alamar jerin sarƙoƙin ya wargaje ya koma ruwa na yau da kullum. Irin waɗannan poliyesta kan lalace da zafi kafin su kai can.

Sannan ka yi DSC, gwajin da ke auna zafin da samfur ke sha ko fitarwa, ɗumamawa da sanyayawa, sau biyu. Na san takardar neman izinin na'urar kan daɗe a ofis, don haka ka shigar da ita gobe da safe.