Maigida ya gayyato mutum 23 cin abincin Kirsimeti bai shawarce ni ba

Anti barka da aiki, ya gida ya yara. Dan Allah ki ba ni shawara kafin kaina ya fashe. Shekarata huɗu da aure, yaranmu biyu, muna zaune a Sabon Tasha nan Kaduna cikin ɗaki biyu da falo. Tun da aka kawo ni duk Kirsimeti ƙauyensu muke tafiya can wajen Zonkwa, ba ma dawowa sai mun leƙa Kagoro ranar 1 ga Janairu mun ga bikin Afan. To bana sai yace kuɗin mota yayi yawa a gida za mu yi, ni har da murnata nace yauwa bana zan huta, in dafa 'yar shinkafata mu ci mu huɗu mu kwanta.

Ashe bawan Allahn nan ya shiga gurup ɗin gidansu na WhatsApp ya rubuta wai kowa ya zo gidanmu bayan an tashi sujada, ni ko a mafarki ban ji ba sai da ƙanwarsa ta kira ni tana ta min sannu da ƙoƙari. Da na zauna na ƙirga da abokansa na wajen aiki mutum 23 ne banda yara, kuma Mama, mahaifiyarsa, tun 22 ga wata za ta iso. Anti abin da ke hannuna dubu 90 ne na adashe da na kwasa, shi ma na ɗinkin yara ne da rabin buhun shinkafa. Shi abin da ya yi kawai ya shiga watandar saniya kaso ɗaya, in na yi magana yace Allah zai tanada.

Sai na biyun wanda ya fi damuna. Akwai wata Hajiya maƙwabciyarmu, duk Babbar Sallah sai ta aiko mana da cinya guda, lokacin da na haifi Godiya ita ta riƙa dama min kunun kanwa har sati biyu. Ina so in kai mata abinci in kuma kira 'yan matanta su shigo, amma bansan wa zai yanka saniyar watandan ba, ga ƙannensa sun ce za su zo da jarkar burukutu da giya, abin da ko a cocinmu ba a yarda da shi ba balle ni da nake cikin Zumuntar Mata. In na hana ace na raina dangin miji, in na bari da wane ido zan kalli Hajiya?

Maman Godiya, Kaduna

Maman Godiya sannu, na ji ki. Ki fara da sauke wannan kayan daga kanki don ba ke kika ɗaura ba. Wanda ya yi gayya shi ke da gayya. Amma kar ki tare shi da faɗa yana shigowa daga aiki, ki bari ya ci ya sha yara sun yi barci, ki ɗauko takarda da biro ki ce Baban Godiya zo mu yi lissafi. Ki rubuta mudu nawa na shinkafa, mai, tumatir, attaruhu, gas ko gawayi, ki bar shi ya haɗa jimlar da hannunsa. Maza da yawa ba mugunta ba ce, ba su taɓa sanin nawa tukunya take ci ba ne, a ƙauye suna zaune gindin mangwaro abinci yake zuwa ya same su.

In ya ga kuɗin, shi ɗin dai zai koma gurup ɗin ya rubuta cewa kowane gida ya zo da wani abu. Wannan ta kawo kular shinkafa, wancan ya kawo kaji biyu, samarin su ɗauki nauyin ruwa da kujerun haya. Babu abin kunya a ciki, a ƙauyen ma ai ba tukunya ɗaya ke ciyar da gida ba. Kuɗin ɗinkin yara kuwa kar ki taɓa ko sisi, ki kai wa tela tun yanzu, kin san halinsu in Disamba ta raba.

Abinci kar ki yi kala biyar don a yabe ki. Dafa-duka babbar tukunya ɗaya, sai tuwo da miya saboda manya, zoɓo da kunun zaƙi maimakon lemon kwalba, cincin ki soya shi tun 22 ko 23 ki rufe a bokiti ba abin da zai same shi. Kayan da ba sa lalacewa ki je kasuwar Monday ta Kakuri ki saya da wuri, satin ƙarshe komai tashi yake yi musamman kaji. Naman ki tafasa ki soya ranar 24 tunda wuta ba tabbas, shinkafar kuma da asubar 25 ɗin, kar ta kwana a kula ta yi yauƙi ki sa mutane gudawa. Mama kuma ki mai da ita taki, tana sauka ki ce Mama miyar nan sai hannunki, ni ban iya ta kamar ke ba. Za ki ga ita da kanta tana korar 'yan matan gidan zuwa wanke-wanke.

Maganar Hajiya ita ce mai sauƙin. Ki sa maigida ya tambayi masu watandan, sau da yawa dama mahauci Musulmi suke kira saboda irin haka. In ba ki samu tabbas ba ki sayi kaza ɗaya ki aika gidan Hajiya a yanka miki, haka iyayenmu suke yi tun da can a Wusasa da Kafanchan da Jos. Ki dafa nata a tukunya daban, ki kai da kanki kafin ki wuce coci, ki faɗa mata da bakinki cewa yankan gidanta ne. 'Yan matan Hajiya su shigo da hantsi ko washegari 26 tunda hutu ne, lokacin gida ya lafa.

Burukutu kuwa ba bakinki ba ne zai hana, na yayansu ne. Ya ce musu gidana akwai yara akwai maƙwabta, wanda zai sha ya ci abincinsa ya fita ya nemi wajen sha. In ya ƙi faɗa, ki kai maganar wajen Mama cikin ladabi ranar da ta iso, kafin jarkar ta shigo gida.