Idan lantarki ya ɗauke a ƙaramin jirgi, injin zai mutu ne?

Malam, ka tambaya ko injin Cessna 172 zai mutu in lantarki ya ɗauke a sama. A'a wallahi, ba zai mutu ba, don magneto, wata 'yar na'ura da injin da kansa ke juyawa, ita ke ba filogi wuta, ba ruwansa da batir. Kai dai ka riƙe tuƙinka tukuna. In altaneta, mai cajin batir, ce ta tsaya ka kashe ta ka kunna sau ɗaya, in ta ƙi to batir kaɗai ya rage maka kuma ba ya daɗewa, sai ka kashe duk abin da ba dole ba, ka gaya wa hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, ka nufi fili mafi kusa. Rediyo ya mutu? Sa 7600, lambar da ke nufin rediyo ya mutu, a taransfonda (na'urar da ke nuna jirginka ga rada) in tana aiki, ka jira koren haske marar ƙiftawa daga hasumiya, alamar izinin sauka. Amma fa in ka ji ƙaurin wayar lantarki, kashe masta, wato babban makunnin lantarkin jirgin, nan take.