A ina zan karanta abu mai amfani kan kuɗi, fasaha da finafinai?

Malam, ka ce ka gaji da shafukan da ke cinye maka data ba tare da ka ƙaru ba. Fara da harkar kuɗi, domin nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Shafin Nairametrics na kawo farashin canji da labarin hannun jari kullum, amma kada ka tsaya nan. Je ka tushe. Shafin Ofishin Kula da Basussuka, DMO, yana sanar da takardun lamunin ajiya na gwamnatin tarayya kowane wata, wato ka ba gwamnati rance: mafi ƙaranci naira 5,000, na shekara 2 ko 3, ana biyan kuɗin ruwa duk wata uku. Mai gudun kuɗin ruwa sai ya bibiyi sanarwar Sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, a shafin. Kafin ka miƙa wa wani kamfani kuɗinka, nemi sunansa a jerin masu rajista na hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Rashin yin hakan ne ya jefa jama'a cikin tsare-tsaren damfara na MMM a 2016 da CBEX a 2025. Duk rubutun da ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ga mahaɗin rajista a ƙarshensa, talla ce.

A fasaha, TechCabal da Techpoint Africa sun isa, sai dai da Turanci suke. Labarin Kannywood kuwa, duba mujallar Fim da BBC Hausa, domin suna tattaunawa da 'yan wasan kai tsaye.

Ka riƙa duba ranar da aka wallafa rubutu. Farashin dala na bara ba zai yi maka aiki a kasuwa yau ba.