Amsa ga ɗan'uwa a Almeriya kan koyon Sifaniyanci ta intanet

Wani ɗan'uwanmu, mutumin Damagaram da ke aiki a gonakin rumfunan leda na lardin Almeriya a kudancin Sifaniya, ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa takwas a ƙasar, uku na farko ba shi da takarda, biyar ɗin da suka biyo baya kuwa yana riƙe da katin zama. Sifaniyancinsa bai wuce na gona da na kasuwa ba, duk ranar da zai je asibiti ko ofishin baƙi sai ya nemi mai yi masa tafinta. Ya ga tallar wani kwas na masu fara koyo da wata jami'a ke bayarwa ta intanet, wanda ake ba da takardar shaida a ƙarshensa, kuma yana son sanin ko takardar za ta amfane shi wajen neman zama ɗan ƙasa, ko kuwa gara ya tura kuɗin gida, inda ake jiransa da kuɗin taki da na makarantar yara.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a cikin neman da kake yi. Shawarata ita ce ka yi karatun, amma kada ka ɗora begen takardunka a kan shaidar da jami'ar za ta ba ka, domin ba ita hukuma take tambaya ba. Tun daga watan Oktoba na 2015, baligin da ke neman zama ɗan ƙasar Sifaniya ta hanyar daɗewar zama, idan ya fito daga ƙasar da Sifaniyanci ba shi ne harshen hukumarta ba, kamar Nijar da Najeriya da Gana, dole ne ya ci jarrabawa biyu waɗanda Instituto Cervantes, cibiyar gwamnatin Sifaniya mai koyar da harshen, ke gudanarwa. Ta farko ita ce DELE a matakin A2, wato mataki na biyu daga ƙasa, ko wanda ya fi shi, wadda ke auna harshe, ta biyu kuma CCSE, wadda ke auna sanin tsarin mulkin ƙasar da yadda rayuwa take a cikinta.

Takardar kammala kwas shaida ce kawai cewa ka bi darussa kuma ka yi ayyukan da aka ba ka. DELE kuwa difloma ce ta hukuma da ake bayarwa da sunan ma'aikatar ilimi ta ƙasar, bayan ka je cibiyar jarrabawa da ƙafarka, ka nuna takardar shaidarka, ka zauna gaban masu gwaji. Ko da an rubuta A2 da manyan baƙaƙe a goshin takardar jami'ar, ma'aikatar shari'a ba za ta karɓe ta a madadin diflomar ba. Akwai ma wata jarrabawa mai suna SIELE wadda ake yi a kwamfuta, kuma hannun Instituto Cervantes da na Jami'ar Salamanka na cikinta, amma ita ma ba ta shiga fayil ɗin neman zama ɗan ƙasa. Abin da ke tsayawa a madadin DELE shi ne shaidar makarantun harsuna na gwamnati, waɗanda ake kira Escuela Oficial de Idiomas. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwas ɗinsa na intanet zai raba ka da jarrabawa, ko dai bai san dokar ba, ko kuma aljihunka yake hange.

Akwai lissafin shekaru da ya kamata ka riƙe. Ɗan Nijar yana bukatar shekara 10 na zama bisa doka, a jere ba tare da yankewa ba, kafin ya shigar da buƙatarsa, kuma shekaru ukun da ka yi ba takarda ba sa cikin ƙidayar. Ke nan saura maka biyar. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne ta fuskar karatu, domin diflomar DELE ba ta da ranar mutuwa, idan ka same ta baɗi tana nan tana jiranka har ranar da shekarunka suka cika. CCSE ce ba a yi mata gaggawa, saboda shaidarta shekara 4 kawai take aiki. Tambayoyi 25 ne, ana bukatar ka ci 15, kuma ana ɗauko su ne daga littafin da cibiyar ke wallafawa kowace shekara. Idan ka yi ta yanzu za ta mutu kafin ka bukace ta.

Game da kwas ɗin kansa, abu na farko da za ka duba shi ne matakin da yake tsayawa. Turai ta raba sanin harshe gida shida, daga A1 zuwa C2, kuma yawancin abin da ake tallatawa da sunan na masu fara koyo bai wuce A1 ba, wato gaisuwa, faɗin suna da gari, ƙirga, tambayar farashi da lokaci. A2 shi ne inda mutum ke iya ba da labarin abin da ya faru jiya, ya rubuta gajeren saƙo ga mai gidan haya, ya gaya wa likita tun yaushe ciwon ya soma. Kai da ka shekara takwas kana jin harshen a kunnenka, wataƙila rabin darussan A1 ka riga ka san su da ka, abin da ya rage maka shi ne ka ga yadda ake rubuta su da dalilin da ya sa ake faɗinsu haka. Ka nemi kwas ɗin da ke yin gwajin mataki kafin rajista, don kada ka biya kuɗin koyon abin da kake faɗa kullum a gona.

Abu na biyu, ka tabbata jami'ar ta gaske ce, ta hanyar shiga shafinta da kanka maimakon bin hanyar da aka turo maka a WhatsApp. Jami'ar karatu daga nesa ta gwamnatin Sifaniya, UNED, wadda aka kafa a 1972, tana da cibiyar harsuna mai suna CUID. Jami'ar Fasaha ta Balensiya ta ɗora darussan Sifaniyanci na farko a dandalin edX, inda bisa al'ada ana iya bin darasi kyauta na wani lokaci, takardar shaida ce ake biya wa kuɗi. Sai dai bayanin irin waɗannan darussa na dandalin duniya galibi da Turancin Ingilishi ake yin sa, abin da zai yi wa ɗan Kano ko ɗan Kumasi sauƙi amma zai zame maka nauyi biyu, tunda Faransanci ka taɓa a firamare. A gare ka, kwas ɗin da ake koyar da Sifaniyanci da Sifaniyanci, irin AVE Global na Instituto Cervantes, ya fi dacewa, kuma ɗan Faransancin da kake da shi zai ɗauke maka wahala mai yawa, domin harsunan biyu daga Latin suka fito.

Ina so in daɗe kaɗan a kan abin da Bahaushe ke shigowa da shi ajin Sifaniyanci, domin na lura 'yan'uwa da yawa suna raina kansu tun kafin su fara. Wasulan harshen biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kusan yadda muke furta namu, sannan ana karanta kalma yadda aka rubuta ta, saɓanin Faransanci da Ingilishi. Harafin r iri biyu da ke wahalar da Bature, wanda ke raba pero, wato amma, da perro, wato kare, bakin Bahaushe ya saba da karkaɗa harshe irin wannan tun yana yaro. Rabon kalmomi zuwa namiji da mace shi ma ba baƙo ba ne a wurinmu, har ma yawancin kalmomin mace a Sifaniyanci da a suke ƙarewa kamar namu, sai dai kada ka ɗauko jinsin Hausa ka ɗora musu: rana mace ce a gare mu, wata namiji, su kuwa el sol namiji ne, la luna mace. Wanda ya yi makarantar allo kuma zai gane sautin j ɗinsu, domin ya yi kusa da harafin farko na kalmar khairan ta Larabci. Za ka kuma ci karo da kalmomin da mu da su duk daga Larabci muka aro, irin su azúcar da sukari, aceituna da zaitun, da alcalde, magajin gari, wanda tushensa ɗaya da alƙali.

Inda za ka sha aiki wuri uku ne. Na ɗaya, Hausa ba ta raba p da f, su kuwa sun raba, har puente gada ce, fuente kuwa maɓuɓɓugar ruwa, don haka sai ka horar da leɓenka da gangan. Na biyu, a Hausa kalmar aiki tana zaune ne, wakilin suna ke sauyawa, mu ce ina magana, kana magana, muna magana. A Sifaniyanci wutsiyar kalmar aikin ce ke sauyawa, hablo, hablas, hablamos, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai koyo a bakin aiki ba ya samu, sai ya yi shekaru yana faɗin hablar, wato tushen kalmar ba tare da sauyi ba, ga kowa da kowane lokaci. A nan ne kwas mai tsari yake biyan kuɗinsa. Na uku shi ne bambancin ser da estar, kalmomin aiki biyu da duk suke nufin kasancewa, wanda babu wata dabara a kansa sai yawan ji da maimaitawa.

Duk da haka, waya ba za ta iya koya maka komai ba. Jarrabawar DELE A2 sassa huɗu ce, karatu, rubutu, saurare da magana, an haɗa karatu da rubutu a rukuni ɗaya, saurare da magana a ɗaya, kuma sai ka sami maki 30 cikin 50 a kowane rukuni kafin a ce ka ci. Ma'aikacin gona yakan fi ƙarfi a magana ya raunana a rubutu, saboda haka kwas ɗin da ba shi da malamin da zai karɓi rubutunka ya gyara, sai bidiyo da zaɓen amsa kawai, bai taɓa inda ke maka ƙaiƙayi ba. Ka kuma sani cewa mutanen Andalusiya suna haɗiye s na ƙarshen kalma da wasu haruffa, har abin da kunnenka ya saba da shi a El Ejido ko Roquetas de Mar ya bambanta da abin da ke rubuce, kuma a jarrabawa sai ka rubuta haruffan nan duka. Don haka ka haɗa karatun intanet da aji na ido da ido. Cibiyoyin ilimin manya na gwamnati da ƙungiyoyi irin su Cruz Roja da Cáritas suna koyar da baƙi Sifaniyanci kyauta ko da kuɗi kaɗan, yawanci da yamma. Ga 'yan'uwan da har yanzu ba su da takarda kuma suna neman arraigo, wato izinin zama da ake bai wa wanda ya daɗe a ƙasar ba takarda, wanda tun 20 ga Mayun 2025 aka rage wa'adinsa daga shekara uku zuwa biyu, shaidar halartar irin waɗannan azuzuwa tana da amfani wajen rahoton da ke nuna mutum ya saje da jama'ar garin.

Batun gida kuwa, ban ga dalilin da zai sa ka taɓa kuɗin taki ko na makarantar yara saboda takardar da hukuma ba ta tambaya ba. Ka fara da abin da yake kyauta na wata biyu ko uku, rabin sa'a kullum bayan sallar isha'i ko a ranar hutu, ka gani ko jikinka zai ɗauka bayan wuni a cikin zafin rumfa. Idan ka ga kana ɗorewa, kuɗin da ya cancanci ka ware shi ne na rajistar DELE, wanda ya haura Yuro 100, da na malamin da zai gyara maka rubutu a watannin da suka gabaci jarrabawar. Ka faɗa wa iyalinka gaskiya tun da wuri cewa a wata kaza saƙo zai ragu da kaza, kuma ga dalili, domin mutanen gida sun fi haƙuri da ragin da aka sanar da su a kan wanda suka tarar ba zato. Ka kuma fara tunani tun yanzu, tare da lauya mai rajista, a kan cewa ranar rantsuwa dokar Sifaniya tana neman ɗan Nijar ya furta cewa ya bar ƙasarsa ta asali, magana ce da ta shafi iyali da gado da komawa gida, ba a barin ta sai ranar.

Idan lokacin rajistar jarrabawar ya zo, ka yi ta da wuri, domin gurabe a cibiyoyi sukan cika kuma sakamako yakan ɗauki watanni kafin ya fito. Ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo da katin zamanka. Idan Mahamadou aka rubuta a can, kada ka sa Muhammadu a nan, domin da sunan da ka shigar za a buga diflomar, kuma da shi za a gwada ta da sauran takardun da ke cikin fayil ɗinka.